Majanyin da aka ɗaure wa mota

Shekarar da ruwan sama ya ɗauke tun gero na ciki, ɗiyata tana wata biyar, nonona ya fara ƙafewa. Mijina ya tafi kudu cin rani, ya bar ni Gangara a gidansu. Innata ta aiko daga Kamarawa cewa akuyarta ta haihu, in kawo yarinyar ta sha madara kafin ta lalace. Mai kai ni kuwa sai yayan mijina, shi ke da wata tsohuwar ƙaramar mota yana jigilar mutane zuwa Isa.

Bai so tafiyar ba. A wurinsa tafiyata tonon asiri ce, kamar na shelanta wa gari cewa rumbunsu ya ƙare. Ko gaisuwata bai amsa ba, ya nuna mini kujerar baya, can gefen hagu, aka matse ni da wasu mata biyu da wani tsoho mai sanda.

Tun kafin mu kai Sabon Birni na fara jin ƙarar. In mota na tafiya sak, shiru. Da ya murza sitiyari hagu sai in ji ƙwas-ƙwas-ƙwas daga gaba, ta wajen ƙafarsa, kamar ana fasa gyaɗa da dutse. In ya sha kwanar dama babu komai. Na yi ta saurare, abin da nake gani kawai shi ne mu tsaya cikin daji, ba inuwa, ba ruwa, yarinya na tsotsar abin da babu.

Na daure na ce, “Yaya, motar nan na kuka in ka yi hagu.”

“Ke da mi kika san mota? Rufe min baki.”

Matan suka juyo kaina. Ɗaya ta ce ba a ambaton sharri a kan hanya, in tofar da yawu in nemi tsari. Tsohon ya ce bakin mace mai goyo kaifi gare shi, abin da ta faɗa sai ya faru. Na tofa ta taga kamar yadda suka ce. Ƙarar ba ta daina ba, sai ma ta ƙaru, har na lura Yaya ya koma shan kwana da faɗi, yana fita hanya yana bin gonakin da suka bushe don kada ya murza da yawa. Ashe yana jinta, ya daɗe yana jinta.

A bakin kasuwar Isa wani amalanke ya gitta, dole ya murza hagu gaba ɗaya. Motar ta yi wata ƙara har masu sayar da icce suka miƙe. Nan ya kai ta wurin makaniki yana zagina, wai ni na kira mata sharri.

Makanikin ya sa shi ya zagaya fili a hankali, hagu sannan dama, yana biye da kunne. Ya ɗaga gaban motar da jak, ya leƙa bayan taya. Ya ce robar da ke rufe kan shaf, ƙarfen da ke juya taya, ita ce ta yage, giris ya zube, yashi ya shiga yana cin ƙarfe. Sabo sai Sakkwato. Abin da zai iya yau shi ne ya wanke da fetur, ya cusa giris, ya naɗe da ƙyalle mai tsabta ya ɗaure da robar taya. Tsummokaransa duk yashi ne, a nemo wani.

Yaya ya dube ni, ya dubi majanyin da na goya ɗiyata da shi. Saƙi ne, innata ta ba ni ranar suna.

“Kwanto shi. Tunda bakinki ya ɓata, kayanki ya gyara.”

Makanikin ya ce a bari ya aika kasuwa. Yaya ya ce ba ya da lokaci, in ban bayar ba in kwana nan. Na dubi rana, na dubi yarinya da ta gaji da kuka har muryarta ta dushe. Na kwance. Ina kallo aka yaga shi biyu, ya yi baƙi da giris. Da aka sauke motar aka gwada, ƙarar ta ragu sosai. Makanikin ya gargaɗe shi kada ya sha kwana mai tsanani sai ya sa sabo.

Da wannan maganar Yaya ya kama ni. Da muka kai mararrabar Kamarawa ya tsaya bisa hanya, ya ce shiga garin hagu ne, kuma na ji abin da aka ce. Na roƙe shi, na ce saura kaɗan, ba ni da abin goyo. Ya miƙo hannu ta baya ya buɗe ƙofa. Na sauka, ya ja motarsa ya wuce.

Zane kaɗai ba ya riƙe yaro a tafiya mai nisa, yana ta zamewa. Na rungume ta a ƙirji, ƙullin kayana a ka, yashi na ƙona mini ƙafa ta cikin silifas. Nakan tsaya in sa kunci a hancinta in ji numfashi. Innata na tsakar gida lokacin da na shiga. Tana ganin yarinyar ta ɗauki ƙoƙo ta nufi turke. Ta dafa madarar, ta fifita, muka riƙa ɗiga mata da ɗan cokali. Kurɓar farko ta dawo. Ta biyu ta haɗiye, ta buɗe baki tana neman wata.