Hannun Baba da Askin Sunan Ɗana

Babana wanzami ne, haka ma babansa. Ni na ƙi gado, na shiga boko, bokon kuma ya tofar da ni a aji biyu na sakandare. Ban zama ma'aikaci ba, ban iya riƙe aska ba. Faci nake yi a bakin titi har yau.

Bayan an ba mu jiha, Dutse ta fara cika da baƙi, a lokacin ne hannun Baba na dama ya soma rawa. In ya ɗora shi a gwiwa sai babban yatsa ya riƙa murza ɗan uwansa kamar mai jan carbi. Na kai shi asibiti. Likitan yaro ne, ko gemu bai tara ba, amma ya zauna ya yi mana bayani.

Ya ce, "Baba, a cikin ƙwaƙwalwa akwai 'yan ƙwayoyi masu ba hannu umarni. Kowacce tana da 'yan murhunanta da take dafa ƙarfinta. Wuta kuwa ba ta rasa hayaƙi. In hayaƙin ya fi ƙarfin masu share shi, sai ƙwayar ta shaƙe ta mutu."

Baba ya ce, "To wa ke sharar?"

"Jiki na da nasa. Akwai kuma irinsu a ganye da 'ya'yan itace, zogale, tumatir, gwaba. Ban ce magani ne ba, ana dai bincike. Ga ƙwayar magani, ku haɗa da su."

Muka fito Baba yana tsaki. "Tun daga gida na biya mota don a ce in ci kwaɗo? Ni akuya ce?"

Amma ya ci. Kullum da hantsi Inna, mahaifiyata, takan ajiye masa kwanon zogale, ya juya wa ƙofa baya ya cinye.

Ni kuwa maganar murhun nan ta zauna mini. Da la'asar sakaliya nakan hau dutsen bayan unguwarmu in zauna, in ga hayaƙi na tashi daga gidaje, siriri siriri, yana ratsa bishiyoyin dabino. Sai in ga kamar cikin kan Baba nake leƙawa. Gari guda, kowane gida da wutarsa, wata tsohuwa na bin ɗakuna da tsintsiya tana kakkaɓe kunkunniya, ta gaji amma ba ta zauna ba. Wani gidan in duba in ga babu hayaƙi, in ce ko sun yi tafiya ne.

Abin da mutane ba su sani ba, likitan ya faɗa, na kuma gani da idona: rawar ta hannun da ke zaune ce. Da Baba ya ɗauki aska ya kai ta kan mutum, sai hannun ya nutsu kamar ruwan randa. Bai taɓa yankar kowa ba. Amma wa zai tsaya ya gani? Mutum ya zo, ya hango hannun a gwiwa, sai ya ce gaisuwa ce ta kawo shi. Mutanen da ya yi wa askin suna, ya yi musu kaciya, su ne suka koma shagon mai injin aski.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ya samu abin fakewa. Yakan ce wa abokinsa mai goro, "Alhaji, kowa ya zama malam, an saki gemu, ina za mu samu aiki?"

"Gemu aka ce a bari, Sarkin Aska, ba a ce a bar suma ba."

Su yi dariya su biyu.

A shekarar aka haifa mini ɗa namiji, na fari. Saura kwana biyu suna na tarar da Baba yana wasa aska, a hankali, yana gwada ta a gashin hannunsa. Wa zai aske jikan wanzami in ba shi ba?

Na san hannun na nutsuwa. Ni na fi kowa sani. Amma na ɗauki yaron na ga maɗigarsa na bugawa, fatar kamar ta albasa, sai na ji ba zan iya ba. Ba matata ce ta sa ni ba, ba surukai ba, kar a ɗora wa kowa. Da ƙafata na je na kira wani wanzami daga wata unguwa.

Ran suna da safe, bayan an raɗa suna, Baba ya shigo da zabirarsa a kafaɗa, ya sa farar riga. Ya ga mutumin a kan tabarma, yaro a hannun gwaggona, an riga an jiƙa kan. Ya tsaya. Sannan ya zauna a gefe, ya sa hannun a ƙarƙashin cinyarsa.

Ya ce, "Malam, kwantar da askar kaɗan. Kan jariri ba ya son tsaye."

Mutumin ya ce, "To, Baba."

Da aka gama Baba ya shafa kan yaron da hagu, ya sa masa albarka, ya fita. Zabirar a nan ya bar ta, jikin bango. Na kai masa gida da yamma, ya ce in ba Inna ta ajiye.