Kalmomi Uku da Na Riƙe Shekara Biyu

Shekarun baya kaɗan, mahaifiyata ta rasu ta bar ni da wata magana da ban san fassararta ba. 'Yar Gadaka ce, da yaren Ngamo ta tashi. Ni kuwa haihuwar unguwar Dogo Nini ce a cikin gari, Hausa kawai na iya. Ko gaisuwa na gwada da yaren, sai danginta su kwashe da dariya su ce Bahaushiyarsu ta iso.

Lokacin jinyarta ina aiki a Damaturu, kullum ina cewa sai Juma'a zan zo. Juma'a uku suka wuce. Ranar da na iso, Hausa ta riga ta gudu daga bakinta. Ta dube ni, ta faɗi wasu kalmomi uku da yarensu, ta maimaita, daga nan ba ta ƙara magana ba. Mu biyu ne kawai a ɗakin.

Shekara biyu ina bitar kalmomin nan kamar hadda. Na gama yanke wa kaina hukunci cewa faɗa ta yi min, da fushina ta tafi. Ban tambayi kowa a dangi ba. In dai abin da nake tsoro ne, ba na so in ji shi daga bakin wanda zan riƙa gani a biki da suna. Na dawo gidanmu da zama ni kaɗai, wani lokaci sai in wuni ban ji muryata ba.

Wata rana na shiga keke napep zuwa kasuwa, ga wata tsohuwa kusa da ni da ƙullin gyaɗa a cinya, tana waya da yaren. Ni da ko sannu ba ta haɗa ni da mutum a keke, sai ga bakina ya buɗe.

"Iya, don Allah in yi tambaya?"

"Yi mana, 'yata."

Na faɗi kalmomin. Ta tuntsire da dariya. "Kai, bakin nan naki ya kakkarya maganan! Sake faɗi." Sai a na uku ta gane. "Wa ya gaya miki?"

"Mahaifiyata. Maganarta ta ƙarshe ke nan."

Dariyar ta ɗauke. Ta kama hannuna da tafinta mai kaushi. "Daga tafiya kika zo ranan, ko?" Na ɗaga kai. "To ai shi ne. 'Je ki ci abinci,' shi ta ce miki."

A bakin tasha ta sauka, ko sunanta ban tambaya ba, ina can ina kuka a cikin hijabi.

Har yau kaɗaicin yana nan, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma na gane akwai tambayar da sai wanda bai san ka ba kake iya yi wa, shi ya sa yanzu nake gaida duk wanda na zauna kusa da shi. Ranar dai kasuwar da ban shiga ba ke nan. Gida na koma, na tuƙa tuwo, na zauna a ɗakin mahaifiyata na cinye tas.