Tarin Remedios

Eulogio bai iya zama wuri ɗaya ba. Ko a coci ƙafarsa rawa take yi, kai ka ce garwashi aka zuba masa a kujera. A ƙauyensu na yankin Jaen kowa ya san shi da 'yan jakunkunan takarda da yake ɗaure wa rassan zaitun idan sun yi fure.

Abu guda ne ya hana shi sakat. Tsofaffin itatuwan da suka gada, irin Picual, mansu na da ɗaci da yaji, ka haɗiya ya shaƙe ka sai ka yi tari, kuma wannan ɗacin ne ke hana man saurin lalacewa. A nan tari yabo ne. Sai dai itatuwan ƙatti ne, girbinsu sai da hannaye da yawa, ma'aikata kuwa sun yi wuya. Ƙaninsa Fulgencio, wanda suke noma tare, so yake a tumɓuke su a dasa gajeren iri da inji ke girbewa, ko da mansa salam ne.

Shi ya sa Eulogio ya shiga ɗibar garin furen dogon yana barbaɗa wa gajeren, ya shuka ƙwallon, ya jira shekaru. Yawanci su fito ba tsayin kirki ba man kirki, ya sare, ya sake.

"Yaya, ka zama dillalin auren itatuwa ke nan?" in ji Fulgencio. "Har yau ban ga jikan arziki ba."

"Kai da ba ka bambance mai da ruwan wanke-wanke, rufe mana baki!"

Sai da kansa ya yi fari sannan wata bishiya ta fito gajeriya, ta yi 'ya'ya jingim. Fulgencio ya yanke magana: idan man nata bai sa tari ba, motar tumɓuke itace za ta shigo gonar ta kwashe tsofaffin itatuwan. Ga shi taba ta gama da maƙogwaron Eulogio, ko ruwa ya sha tari yake yi, shaidarsa ba ta karɓuwa. Aka ce Remedios, matar Eulogio, ta ɗanɗana.

Da safe a kicin ta ɗumama ɗan kofin man a tafin hannu, ta kurɓa, ta ja iska ta haƙora, ta haɗiye. Ba tari. Eulogio ya tashi, ya zauna, ya sake tashi. Ta dube shi. Sannan ta sa hannu a baki ta yi tari.

"Shi ke nan, ka ci," in ji Fulgencio, ya ɗauki hularsa ya fita ba tare da ya taɓa kofin ba.

Amma Eulogio ya san tarin matarsa tun suna da ƙuruciya. Na gaskiyar da hawaye yake zuwa, har da zagi.

"Reme, idonki bai kawo ruwa ba."

"Tsoho, ci burodinka kafin ya huce. Itatuwan babanka dai suna nan."

Bai ci ba. Zuciyarsa ta ɓaci ƙwarai, kuma ya kasa jin haushinta. Ya zari rigar sanyi ya nufi bayan gida, inda sabbin dashensa suke jere, ko gwiwarsa ba su kai ba. Ta taga ta hango shi ya durƙusa da ƙyar yana duba ganyensu ɗaya bayan ɗaya, yana tari. Sai a lokacin idonta ya kawo ruwa.