Obadiah Kumai, Mai Ɗora Wa Kowa Kaya

Akwai maganar da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Angelina da muke raba sirri a makaranta: ina son ka, Yaya Obadiah. Na daɗe ina son ka, kai kuwa "'yar Kambai" kawai kake kirana, ban ma tabbata ka san sunana Edna ba. Ga shi sai yau hannuna ya iya rubutawa, bayan an rufe ka da ƙasa.

Ranar Talata, 9 ga Agusta, 1977, Ubangiji ya kira ka. Ina tsakar gida ina surfen acca Baba ya shigo ya ce Obadiah ɗan Mama Lucia ya rasu a bayan mota, a hanyar asibitin Kafanchan. Ciwon kaba ne, in ji shi, hanji ya murɗe. Na jingine taɓarya na zaga bayan rumbu na yi kukana, domin idan na yi shi a gaban mutane za a tambaye ni dalilin da ya sa nawa ya fi na sauran maƙwabta.

Na fara sanin ka a ramin kuza na bayan Godogodo, hutun da na bi Mamana ɗaukar kwano. An cika mini kwanon da jiƙaƙƙiyar ƙasa, na sunkuya zan cicciɓa ni kaɗai, sai na ji murya a bayana: "Ke 'yar Kambai, wannan bayan naki na aro ne? Durƙusa. Jawo kwanon kusa da jikinki, ki tashi da ƙarfin ƙafa." Ka warware ɗan siririn gammona, ka sake naɗa shi da faɗi da kauri, ka kama gefe ɗaya na kama ɗaya, ka ɗora mini. Ban ce ko na gode ba. Kunya ta riƙe mini baki, har yau ina jin zafin wannan.

Kafin kai, mata da yatsun ƙafa suke kama gangaren ramin, laka na zamewa, wuya a karkace. Kai ka ɗauki diga wata Asabar bayan an tashi aiki, ka sassare matakala a jikin bangon, ba wanda ya sa ka. Kai ka ce kada wata mace ta sake ɗaukar kwano ita kaɗai, ka tsaya a gindin matakalar kana ɗora wa kowa. In an tula ƙasa ta yi tsororo, sai ka share kan da shebur. Mama Caroline, ɗaya daga cikin matan ramin, ta taɓa yi maka faɗa: "Obadiah, kana rage mini kaya, da me zan ciyar da yara?" Ka ce, "Mama, da wannan wuyan za ki ciyar da su, to mu bar shi a miƙe." Ta zage ka tana dariya. Ran jana'izarka ita ta fi kowa kuka.

Shebur ɗinka ma ka cire masa gajeriyar ƙota, ka sassaƙa doguwa mai kai maka ƙirji, don ka daina wuni a naɗe kamar lauje. Maza suka sa masa suna sandar tsohuwa. Ka yi murmushi ka ci gaba da aikinka.

Abu ɗaya ne ka kasa. A ramin nan namiji ba ya cewa a taya shi. Wanda ya nemi a kama masa dutse, sai a ce ya je ya ɗaura zane. Ka jure ba'a a kan shebur, amma wannan ba ka iya jurewa ba. Duk dutsen da ya tare hanya kai kake rungumarsa kai kaɗai, jijiyoyin wuyanka a tsaye. Ni kuma ina can saman rami ina kallo, zuciyata na bugawa, domin a littattafan soyayya da muke ba juna aro haka jarumi yake, ba ya gajiya, ba ya neman kowa. Na ga lokacin da ka fara ɗaure mara da ƙyalle. Na ga kana tsayawa ka dafe gefen ciki, ka yi kamar kana gyara wando. A raina ina cewa, dubi juriya. Ashe abin da nake sha'awa shi ne yake cin ranka.

Shekaranjiya a zaman makoki ina raba kunu na ji maza suna yabonka: "Obadiah namiji ne, har ya mutu ba a taɓa kama masa kaya ba." Ƙaninka Meshak yana zaune yana ji, yana gyaɗa kai. Ranar Litinin zai shiga ramin a madadinka, kuma da kunnena na ji ya ce zai datse ƙotar shebur ɗin, shi ba tsohuwa ba ne.

Meshak, don Allah kada ka datse ta. Yayanka ya san aiki fiye da duk masu wannan yabo. Ka bi matakalarsa, ka durƙusa kafin ka ɗaga, idan dutse ya fi ƙarfinka ka buɗe baki ka ce a kama maka, su yi dariyarsu. Mama Lucia ta binne ɗa guda, ya isa.

Yaya Obadiah, Ubangiji Yesu ya karɓi ranka cikin salama, ya sauke maka duk nauyin da ka ɗauka kai kaɗai, ya ba ka hutu a wurin da babu ciwo. Mama Lucia, Allah na ta'aziyya ya share miki hawaye, ya riƙe ki da iyalin Kumai duka, da matan rami waɗanda yanzu za su juya a gindin matakala ba su gan shi ba.

Da na fara rubutun nan niyyata in ninke shi in ɓoye cikin akwatin kayana. Daga baya na ce to, in yage layukan farko in ba Fasto sauran ya karanta ran Lahadi. Amma ba zan iya gaya wa Meshak ya jure dariyar mutane ba, ni ina gudun tawa. Baba zai ji, Angelina za ta ji, duk coci za su waiwayo su dube ni. Su duba. Gobe da safe, kafin Meshak ya samo zarto, zan kai wa Mama Lucia takardar nan hannu da hannu, yadda take.

Edna Kambai