Mai Tsayuwa da Mai Duƙawa

A Gangara, in gero ya shiga rumbu, sanyi kan kora mu bakin murhun Kaka Dije da zarar an idar da isha'i. Kara na ci a hankali, gyaɗa na gasuwa a cikin toka, wata kuma ya leƙo ta saman darni kamar shi ma tatsuniyar ya zo ji.

Shekarar da nake aji uku a lakol, wato makarantar boko, kowa na dariya a wurin ban da ni. Alamu biyu ne suka hana ni sakat, ta tarawa da ta ninkawa. A idona duk gicciye ne, ɗaya dai ya ɗan karkace. Malaminmu ya ce in na sake faɗuwa lissafi zan maimaita aji, Baba kuwa ya riga ya faɗa cewa duk wanda ya maimaita, kiwon awaki na jiransa.

Kaka ta lura. "Maigida, wannan ɗaure fuska fa? Ko cefanen ne ya gagare ka?"

Na zana mata su a toka da tsinke. Ba ta taɓa shiga aji ba. Ta dai tambayi aikin kowacce, na karanto mata yadda na haddace. Sai ta ce ga ta nan, mu matso.

Wai wata tsohuwa ce ta bar wa 'ya'yanta biyu zangarniya huɗu-huɗu. Babban ba ya son ƙasa ta taɓa rigarsa, kullum a miƙe yake. Da aka ƙara masa huɗu, ya jera kusa da nasa, ya ce takwas. Ƙaramin kuwa ya duƙa har bayansa ya karkace, ya shuka rami huɗu, kowane rami ya ba shi zangarniya huɗu. Sha shida ya yanka.

"To dubi tokarka," in ji ta. "Wa ya tsaya, wa ya duƙa?"

Ranar jarrabawa, duk karkataccen gicciyen da na gani, sai in ga mutum sunkuye yana shuka. Na haye aji.

Na girma ina neman ma'anar ƙauna a littattafan soyayya na kasuwa, na ɗauka a kalamai masu daɗi take. Sai ranar da Kaka ta rasu na fahimta. Bayanta ya daɗe a tanƙware kamar lauje, mu kuwa da ta rena, 'ya'ya da jikoki da marayun maƙwabta, tsakar gidan ta kasa ɗaukarmu, har sai da aka shimfiɗa tabarmi a titi.