Layi Bakwai na Yaya Ilu

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Yaya Ilu na Yashe. Lissafin ba ya ɓace mini, domin a daminar da iska ta yaye kwanon ajinmu na yaƙi da jahilci a Kankia ya rasu. Ba uwa ɗaya muke ba, ba uba ɗaya ba. Benci ne ya haɗa mu, ni daga Kafinsoli, shi daga can ƙasar Kusada, dukanmu da furfura muna koyon baƙaƙe. Ya girme ni, shi ya sa nake ce masa Yaya.

Da hannunmu ya ɗan faɗa, malaminmu, Malam Nura, ya kawo wata tsohuwar kwamfuta da ƙanensa ya bar masa, ya ce kowa ya gwada rubutu a kai. Manhajar rubutun da ke ciki tana jera lambobi a gefen hagu, kowane layi da lambarsa. Sai dai idan layi ya yi tsawo ya naɗo ƙasa, ba ta ba wa ragowar sabuwar lamba. Wurin sai ya zauna fili, har sai ka danna maɓallin sabon layi. A nan rigimarmu ta samo asali.

Yaya Ilu ya ce na'urar ba ta iya ƙidaya ba. Shi manomi ne, in ji shi, kuma a gona duk kunyar da ido ya gani kunya ce, ba wanda zai ce masa biyu ɗaya ce don kawai garma ta juyo. Ni kuma na ce ai maganar ba ta ƙare ba, wuri ne ya ƙare mata. Idan bijimi ya kai bakin gona ya juyo ba a kwance shi ba, aiki ɗaya ake yi.

"Sale, kai fa da na'ura ta ce maka rana daga yamma take fitowa, sai ka juya gabas ɗinka," in ji shi.

Wata huɗu muka yi a kan wannan. Malam Nura ya yi bayani har ya gaji, ya koma cewa mu biyun duk muna da gaskiya, wanda kuma bai gamsar da kowa ba. Rannan dai Yaya Ilu ya daina tayar da zancen. Ni da wautata na ɗauka ya sallama. Ashe gajiya ya yi da ni.

A wannan tsakanin ya fara rubuta tarihin gidansu don 'ya'yansa. Da yatsa ɗaya yake yi, yana cije leɓe, kuma in ka matso sai ya kare allon kwamfutar da babbar rigarsa. Da ya gama, Malam Nura ya buga masa a takarda ya tafi da ita gida ya duba. Takardar ba ta fito da lambobi ba, sai ya samu biro ya sa nasa, yadda ya yarda da su: duk layin da ido ya gani, lamba guda. Ban san ya yi haka ba.

Ba a jima ba ciwo ya kwantar da shi. Wata ranar Talata bayan la'asar ina aji ya kira ni a waya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Sale, kana kusa da abar nan?"

"Ina kusa, Yaya. Ya jiki?"

"Jiki sai godiya. Ka goge mini daga layi na sha huɗu zuwa na ashirin. Na yi wa Tanko rashin mutunci a wurin, kan jakina da ya ara ya dawo mini da shi yana ɗingishi. Ba na son in shiga kabari da jakin nan. Kuma kar ka karanta, ka ji ko? Amana."

Tanko taubashinsa ne, sun shekara sittin suna tsokanar juna, amma maganar jakin ta wuce wasa. Na riƙe amana yadda na iya. Na cire hulata na rufe rubutun, na bar lambobin gefe kawai a buɗe. Na goge daga sha huɗu zuwa ashirin na na'ura, na adana, na kashe. Na kira shi na ce an gama. Ya ce Allah ya yi mini albarka, ya sa matarsa, Inna Hauwa, ta jefa takardarsa a murhu don kada wani ya gani. Bayan kwana tara ya cika.

Ranar sadakar bakwai iyali suka roƙi Malam Nura ya karanta abin da mamaci ya bari a kwamfuta. Tanko na zaune a gaba, hawaye na bin gemunsa. Malam Nura bai yi nisa ba sai ga jaki. Ya so ya tsallake, Tanko ya ce a'a, a karanta. Aka karanta cewa Tanko ya ɗora wa dabbar Allah buhu uku, cewa jakin ya fi shi tausayi da sanin ya kamata, kuma da a ce jakin ne ya ari Tanko, da ya dawo da shi lafiya. Ni kuwa ina neman inda ƙasa za ta tsage in shige.

Tanko ya share ido ya ce, "Buhu biyu ne. Ko a kwance Ilu sai ya yi mini ƙari." Sai dariya ta ƙwace masa, mutane suka bi shi. Na tashi na faɗi gaskiya, cewa marigayi ya nemi a goge wannan, ni ne na goge wani wurin. Tanko ya ce ya yafe tun kafin a tambaye shi, amma a buga masa wurin a takarda, yana so ya ajiye.

Yau Malam Nura ya sami sabuwar na'ura, kuma ya nuna mini cewa mutum na iya zaɓar yadda lambobin za su fito. Akwai ma wanda ke ƙidaya daga inda kake tsaye, sama da ƙasa, in ka motsa duk su sauya. Nakan tambayi kaina me Yaya Ilu zai ce. Ina jin zai ce wannan gona ce da iyakarta ke bin mai ita. Sannan zai tambayi wace ce ke ƙidaya irin tasa, ya juyo ya dube ni. Har yanzu ina ganin ni ke da gaskiya a kan layi. Amfanin gaskiyar tawa ne ban gani ba.

Bayan sadakar bakwai ɗin ne muka zauna da Inna Hauwa, wadda yakan karanta wa rubutun, muka lissafa abin da na goge. Layi bakwai ne. Biyu na sunayen kakanninsa shida, an tuna huɗu. Uku na yadda mahaifinsa ke gane wurin da za a haƙa rijiya a sami ruwa, ba wanda ya riƙe ko ɗaya. Ɗaya na sunan garin da zuriyarsu ta taso. Na bakwai a kanta ya rubuta, ta ce tana tune da shi sarai, kuma ba za ta faɗa ba.