Ranar da Yaya Likeke Ya Yi wa Matarsa Kiɗa

A gidanmu na garin Hilo yaro yakan iya kaɗa ukulele, wata 'yar ƙaramar garaya mai tsirkiya huɗu, tun bai iya wanke wa kansa fuska ba. Babanmu ya kaɗa, ƙannensa sun kaɗa, ni ma da ba ni da haƙurin koyon komai na iya abin da zai fisshe ni kunya a taro. Mutum ɗaya abin ya tsallake, shi ne yayana Likeke Medeiros. Yana yaro Baba ya taɓa ɗora masa ukulele a cinya, ya saurara kaɗan, sai ya karɓe kayansa ya ce masa ya je ya ɗebo itace. Daga ranar aka yanka masa nasa aikin. Duk bikin da ya tashi a dangi, Likeke ne mai haƙa rami, mai jera duwatsu, mai naɗe nama a ganyen ayaba ya binne shi ya gasu. Sauran ranaku kuwa direban bas ne na 'yan makaranta, kuma iyayen da ya ɗauka suna yara su ne yanzu suke miƙa masa nasu 'ya'yan.

Abin dariyar, wannan mutumin shi ya auri Healani, wadda duk unguwarmu ba mai kama ƙafarta a rawarmu ta gargajiya da ake kira hula. Fiye da shekara talatin, duk sanda ta miƙe za ta taka, wani namiji ne yake mata kiɗa. Galibi ɗan kawunmu Palani ne, mutumin da ya iya kiɗa kuma bai yarda kowa ya manta ya iya ba. Ban taɓa jin Likeke ya yi ƙorafi ba, don haka na ɗauka abin bai dame shi ba.

Sai da jikarsu Nohea ta kusa cika shekara ɗaya, bikin da mu muka ɗauka fiye da na aure, ya zo ya same ni ina feraye gwaza.

"Auta, ina so in yi wa Healani kiɗa ranar bikin yarinyar nan. Waƙa ɗaya tak."

"Kai ɗin?"

"Ni ɗin."

"Da waɗannan yatsun naka masu kama da abin da nake ferayewa?"

Bai yi dariya ba, sai na ajiye wuƙar. Na ce to magana ta ƙare, abin da ya kamata shi ne ya tafi wurin Goggo Ululani, ƙanwar Baba, wadda ta koyar da rabin makaɗan garin a garejinta. Ya girgiza kai. Kowa ya san koyarwar Goggo: ka zauna, ka zuba ido, ka kwaikwaya, ba a tambaya. In ka yi kuskure ba za ta gyara maka ba, za ta dube ka ne har ka ji kamar ƙasa ta tsage. Ga kuma garejin cike da jikokin mutane waɗanda shi ke kai su makaranta.

Ya ciro wayarsa ya nuna mini malamin da ya samo a intanet, wani saurayi mai yawan fara'a da ya ɗauki darussa a bidiyo.

"Wannan ko sau nawa na mai da shi baya ba ya ɓata rai," in ji shi. "Kuma bai san kowa a Hilo ba."

"Ai shi ya sa ba zai yi maka amfani ba."

"Ke dai ki riƙe mini sirri."

Na ji haushi, don ni a ganina kiɗa daga hannun mutum ake karɓarsa. Amma na riƙe masa sirrin, ko ba komai yayana ne. Ya sayi ukulele ya ɓoye a ƙarƙashin kujerar direba. In ya sauke yara da safe sai ya kai bas ɗin bakin ruwa, ya jingina wayar a sitiyari, ya yi ta fama har lokacin tashin makaranta. Ruwan saman Hilo yana dukan rufin mota, shi yana dukan tsirkiya, haka ya kwashe watanni.

Da biki ya matso ya kira ni in ji. Gaskiya na sha mamaki. Yatsun nan sun yi kanta, suna sauka inda ya kamata, waƙar ta fita fes daga farko har ƙarshe. Daɗi ya kama ni, na ce ya sake, na cire silifas na fara takawa. Na gama baiti na farko, sai na ga dama na sake kiran sa. Likeke ko a jikinsa, ya wuce na gaba, kansa a sunkuye yana lissafin yatsu.

"Yaya, ka tafi ka bar ni."

"Ai haka take a bidiyon. Kowane baiti sau biyu, sai a wuce."

"Healani bidiyo ce?"

Mai rawa ita ke jan makaɗi. Ita za ta kira kalmar farko ta baitin da take so, ta maimaita wanda ya yi mata daɗi, ta rage gudu in ta ga dama, kuma waƙa ba ta ƙarewa sai ta kira ha'ina, baitin rufewa. Likeke ya san wannan sarai, a ciki ya tashi. Sai dai malaminsa bai taɓa canza ra'ayi a tsakiyar waƙa ba, shi ma bai taɓa ɗaga kai daga hannunsa ba. Muka sake gwadawa. Da zarar ya dube ni yatsu su ɓace, da zarar ya dubi yatsu ni in ɓace.

Ya ajiye ukulelen a hankali. "A bar wa Palani kawai. Kada in kunyata ta a gaban surukai."

Tausayinsa ya kama ni, ni kuwa in tausayi ya kama ni faɗa nake yi. Na ce masa ranar Lahadi bayan coci ko ya shiga motata da ƙafarsa ko in je in faɗa wa Palani komai.

Mun tarar da Goggo a kujerarta, ta sallami yara. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ashe mai kiɗan bas ne. Na ce sai yaushe za ka zo."

"Goggo, wa ya faɗa miki?"

"Mota mai launin ɗorawa tana kuka a bakin ruwa kullum, ka ce wa ya faɗa mini? Kaɗa in ji."

Ya kaɗa. Na zata za ta zagi malamin waya, har na gyara zama don in ji daɗi. Sai ta ce, "Yaron ya yi aiki. Hannun ya zauna." Ta ja tawul ɗin goge kwano daga kafaɗarta ta rufe masa hannun hagu da shi. Sannan ta dafa sandarta ta miƙe, mace mai shekara tamanin da wani abu, ta fara motsa ƙafa.

"Goggo, in kin maimaita baiti, ta yaya zan…"

"Ban ji ba."

Haka suka yi ta yi duk Lahadi. Ta yi sauri, ta ja jiki, ta kira baitin da bai zata ba, ya faɗi, ta dube shi, su koma farko. Bai bar saurayin wayar ba, ranakun aiki yana tare da shi a bas, don ya ce bayan kallon Goggo mutum yana bukatar wanda zai ce masa madalla. Daga nan na daina kushe malamin wayar.

Ranar biki aka kafa rumfa a bayan gida, ruwa na sauka kamar kullum. Likeke ya buɗe rami, aka ci nama da shinkafa da kifi har aka ture. Aka fara kiran sunan Healani. Palani ya gyara zama yana saita tsirkiya, sai ga Likeke ya wanko hannu ya fito da nasa ukulelen.

"Ɗan'uwa, matsa mini."

"Za ka riƙe wa wani ne?"

"Matsa dai."

Healani ta dube shi, ta dubi ukulelen, ta cire takalminta ta fito fili. Farkon kiɗan ya yi rawa, har na runtse ido. Amma da ta kira baitin farko ya ɗaga kai, bai kuma sake sunkuyar da shi ba. Ta taka, ya bi. Ta kira na biyu, ta ja shi a hankali, ya rage hannu. Inda kowa ya san ha'ina ya kamata ya zo, sai ta koma baitin farko. Aka yi dariya, ya bi ta. Ta sake zagayowa. Gumi ya jiƙa masa riga, yatsa ya zame sau ɗaya, ba wanda ya kula. Palani yana ta raɗa, "Healani, ha'ina mana, za ki kashe mutum," ita kuwa ta yi kamar ba da ita ake ba. Sai da ta zagaye waƙar son ranta ta kira baitin rufewa. Goggo ta buga sandarta a ƙasa, wanda a wurinta shi ne tafi. Ni dai na yi kuka, ban kuma ɓoye ba.

Daga baya na ritsa Healani a kicin tana yanka kek.

"Ke ba ki da tausayi? Mutum ya koyi waƙa ɗaya da ƙyar, kin sa ya kaɗa ta kamar guda biyar."

Ta ci gaba da yankanta tana murmushi.

"Auta, rabon da yayanki ya zuba mini ido haka, bai kau da kai ba, tun yana zuwa zance gidanmu. Ke da ke ce, da za ki yi saurin tsayawa?"